Airis ɗin hunturu: a jikin bango, ba taki

'Yan uwa da ke Ingila, masu ɗan lambu a bayan gida, ga shawara.

In za ku shuka airis ɗin Aljeriya, Iris unguicularis, wato tsiron nan mai yin fure da hunturu, ku kai shi gindin bangon da ke kallon kudu. Ƙasa mai tsakuwa, busasshiya. Kada ku sa taki.

Asalinsa daga Arewacin Afirka da Girka yake, ya saba da rana da ƙasa maras ƙarfi. Bango yana riƙe zafin bazara, shi ke sa ya yi fure daga Nuwamba har Maris.

Ni na fara da gata: inuwa, taki, ban ruwa kullum. Shekara biyu sai ganye kamar gamba, fure ko ɗaya babu.

Katantanwa na cinye furen da dare. Ku tsinko shi tun yana toho, ku sa a kwalbar ruwa a ɗaki, zai buɗe.

In lambunku inuwa ne da danshi, wannan dabarar ba za ta yi ba. Ku nemi Iris lazica, wani airis na gaɓar Baƙin Teku (Black Sea) ta wajen Turkiyya, ya fi jure inuwa.

Kuma in kun shuka, ku bar shi a wurin. Ba ya son ƙaura.