Yadda nake ɗora hoto a kan yadi a shagona na Zango

Hoton farko da na taɓa ɗorawa a kan yadi na Inna ne, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Baƙi da fari ne, an ɗauke ta tana amarya, tana zaune a kujerar mai hoto, hannuwanta a kan gwiwa, lalle ya fito baƙi wuluk. Mu shida ta bari, hoton kuma ɗaya ne tak, gara har ta fara cin gefensa a ƙasan akwati. Ni tela ce a nan Damagaram, don haka na ce bari in yi wa kowa nasa a kan yadi. Sai da na ɓata takarda huɗu kafin guda ta yi kyau. Yanzu ina yi wa mutane na biki da na suna, kuma abin da na lura shi ne, yawancin aikin da ya lalace tun kafin a ɗauki dutsen guga ya lalace.

Ki fara da hoton. In tsohon hoto ne na kati, ki cire shi daga gilashi, ki shimfiɗa shi a inuwa da hantsi, ki riƙe waya daidai samansa, kada ki karkata, kada ki kunna filasha. In kuma a waya yake, ki roƙi mai shi ta turo miki asalinsa. WhatsApp yana matse hoto in an tura shi kai tsaye, a waya ki gan shi ras, a yadi kuma ya fito dishi-dishi. Ki ce ta tura shi a matsayin takarda, ta wurin da ake tura fayil. Hoton da za a buga santimita 10 a kan 15 yana son ɗigo, wato ƙananan ɗige-ɗigen da suke haɗuwa su zama hoto a waya ko kwamfuta, wajen 1200 a kan 1800. In bai kai ba, ki rage girman bugun, ƙarami mai kyau ya fi babba mai hazo. Abu guda da na koya da hannuna: fuskokinmu suna ƙara duhu in sun hau yadi. Ki sa a ƙara wa hoton haske kaɗan a kwamfuta, har ki ga kamar ya ɗan yi yawa. In ba haka ba, ido da haƙori kawai za ki gani.

Takardar da ake aikin da ita ana kiranta takardar taransfa, mai gam a fuskarta, ana buga hoton a kanta da firinta sannan zafin guga ya manna shi a yadi, girman A4, ni daga Kano nake sa a kawo mini. Iri biyu ce. Akwai ta farin yadi, akwai ta yadi mai duhu, kuma ba a musanya su. Firinta ba ta buga farin launi. Takardar farin yadi shara-shara take fitowa, duk inda fari yake a hoton launin yadin ne zai maye shi, saboda haka in kika ɗora ta a kan shuɗi, farar rigar ango shuɗiya za ta koma. Ta yadi mai duhu tana da farin bango nata, amma ta fi kauri, ana jinta a hannu kamar leda.

Ta farin yadi kife ta ake yi, don haka dole a juya hoton kamar a madubi kafin a buga. A nan na yi ɓarnar da har yau take min ciwo. Wata baiwar Allah ta kawo hoton jaririnta, aka rubuta sunansa da ranar suna a ƙasa, na buga guda goma ban juya ba. Da na ɓare ta farko, rubutun ya fito ta baya. Suna washegari. Na kwana ban runtsa ba, kuma kuɗin takardar daga aljihuna ya fita. Ta yadi mai duhu ba a juya ta, yadda kike ganin hoton haka zai zauna.

Wajen bugawa ki tambayi mai shagon irin injinsa. Takardar da aka fi samu ta firinta mai tawadar ruwa ce. Yawancin masu fotokofi nasu mai hoda ne, wanda yake gasa takarda da zafi, kuma zafin yana narkar da gam ɗin a cikin injin, ki ɓata takardarki ki ɓata wa bawan Allah sana'arsa. Ki fara gwadawa a farar takarda ki ga girma da launi, sannan a saka ta gaske, guda guda. In ta fito kada ki taɓa fuskarta, ki ba ta kamar rabin awa ta bushe, a rufe, musamman da hunturu da ƙura take shiga har cikin akwati.

Yadi kuwa, auduga zalla, fari, mai santsin saƙa. Farin yadin zanen gado mai kyau yana yi. Shadda ba na so, ƙyallinta da zanen da ke jikinta suna hana gam kamawa daidai, leshi kuma ba a ma maganarsa. Na roba yana iya ƙonewa kafin hoton ya kama. Ki wanke yadin tukuna, ko da sabo ne fil daga Kasuwar Dole. Na san yadda ruwa yake a garin nan, da bazara kowane bokiti da lissafinsa, amma wankin nan ba a tsallake shi. Sabon yadi yana da sitati, kuma auduga tana tsukewa a wankin farko. In hoton yana kai lokacin da ta tsuke, sai ya yi tamoji ya tsattsage. Ki shanya, ki goge, kada ki sa sitati.

Ki yanke hoton da almakashi, ki bar ɗan baki siriri, ki zagaye kusurwoyin, don ta kusurwa mai tsini ɓarewa take farawa.

Yanzu guga. Ba a kan katifa ba, ba a kan tabarma ba. Katako mai tauri, a ƙasa ya fi, ki shimfiɗa tsohuwar rigar matashi ninki ɗaya a kai. Dutsen ya yi zafin auduga, wajen digiri 180 zuwa 190, babu ruwa a ciki, babu tururi. Ki fara goge wurin da hoton zai zauna don laima ta fita. Ki kife hoton, ki durƙusa, ki danna da hannu biyu da nauyin jikinki duka. Wannan ba gugar kaya ba ce da ake yawo da dutse. Ki danna wuri, ki ƙirga ashirin, ki matsa gaba kaɗan, ki bi gefuna sau biyu. Ƙaramin hoto minti ɗaya da rabi, cikakkiyar A4 wajen minti 3, amma ki karanta bayanin da ke cikin fakitin, don shi zai gaya miki ko da zafi ake ɓare bayan takardar ko sai ta huce. Ki ɗaga kusurwa ɗaya ki leƙa. In kin ga launi ya rage a jikin takardar, ki mayar ki ƙara dannawa. Ta yadi mai duhu kuwa, ɓare bayanta ake fara yi, a ɗora ta fuska sama, a rufe da siririyar takardar da take zuwa tare da ita, sannan a danna.

Wuta ba ta da tabbas, don haka ina da dutsen gawayi a gefe. Nauyinsa ma alheri ne. Sai dai zafinsa hawa da sauka yake yi, kuma toka tana zubowa ta hujojin. Nakan shimfiɗa farar takarda a sama, in gwada zafin a ƙyalle: in ƙyallen ya yi ruwan ƙasa, ya yi yawa, in jira.

Kada ruwa ya taɓa shi sai bayan awa 24. In za a wanke, a juya ciki waje, ruwan sanyi, ba cuɗa, ba maganin cire tabo, a shanya a inuwa, don ranar Damagaram ba ta barin launi. Guga kuma ta baya.

Akwai abin da ba na karɓa ko nawa za a ba ni. Aya ko sunan Allah ba na ɗora su a kan matashi ko wani abin da za a zauna a kai ko a jefar a ƙasa. Hoton mutum ma nakan ba da shawara a yi shi a abin ajiya ko na ratayewa, rigar da za a shiga masallaci da ita a bar ta haka nan.

Na Inna, ban yi matashi da shi ba. Na yi wa kowane ɗinkin hannu a baki da zare kore, kalar da take so, na kai wa wani baduku a Birni ya zagaye su da jar fata, ya yi musu maratayi. Na Yaya Babba yana Maraɗi, biyu suna Yamai, sauran muna nan. Nawa yana cikin ɗaki, a bangon da rana ba ta kaiwa, kuma da hunturu nakan kaɗe shi da busasshen ƙyalle kowace Juma'a.