Yadda ake gyara sinadarin rakiya don auna ƙananan ƙwayoyi da MALDI

Ɗalibin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da yake son sanin ko akwai kinin a maganin zazzaɓin da ake talla a kasuwa, ko ƙuli-ƙuli yana ɗauke da gubar aflatoksin, ƙananan ƙwayoyin sinadari (molekul) yake nema. Nauyin ƙwayar kinin 324 ne a ma'aunin dalton, na aflatoksin B1 kuwa 312. In ya samu aiki da na'urar MALDI, mai auna nauyin ƙwayoyin sinadari da leza, a gida ko a wajen horo, a nan zai fara cin karo da matsala.

A MALDI ana gauraya samfur da sinadarin rakiya, wato matiris, wanda ke shan hasken leza, ya ɗaga samfurin, ya ba shi caji don a auna nauyinsa. Hanyar ta yi suna ne tun 1988, lokacin da Karas da Hillenkamp na Jamus suka auna furotin da ita, kuma furotin nauyinsa dubbai ne. Su kuwa sanannun sinadaran rakiya ƙanana ne: CHCA 189, DHB 154. Ƙasa da 500 alamominsu ke cika allo, sai ƴan rakiya su rufe amarya.

Da farko ka ɗiga sinadarin rakiya shi kaɗai a faranti, ka harba leza, ka rubuta abin da ya fito. CHCA yakan nuna 172, 190, 212 da 379; DHB kuwa 137, 155 da 177. Ka gwada da lambar da kake nema. Kinin yana fitowa a 325, domin ya karɓi furoton ɗaya (ƙwayar haidirojin mai caji, mai nauyin 1), to yana da fili. Farasetamol a 152 yake, cikin tsakiyar cunkoso. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya ɗaukar alamar matiris a matsayin magani.

Sai tsabta. CHCA mai kyau rawaya ne mai haske; in ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ka narka shi a etanol mai ɗumi, ka tace, ka bar shi ya sake daskarewa. Ka haɗa sabon ruwa kowace ranar aiki: miligiram 5 zuwa 10 a mililita ɗaya na rabin asetonitiril rabin ruwa, da asid ɗin TFA kashi 0.1 cikin ɗari. Gishiri shi ne babban maƙiyi, domin sodiyam da fotasiyam suna manne wa ƙwayoyi, alama ɗaya ta zama uku. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko ta ina a Yamai, kada a bar faranti a buɗe.

Mataki na uku ya fi buƙatar tunani: zaɓen abokin da ya dace da halin ƙwayarka. Mai karɓar furoton, irin kinin da kulorokin, CHCA ko DHB ya ishe ta in an saita na'ura a ɓangaren caji fozitif. Mai halin asid kuma a koma ɓangaren negatif da 9-aminoakiridin, wanda shi ke ƙwace furoton, kuma kusan alama ɗaya yake bari, a 193. Akwai wata dabara: a ɗauko matiris mai nauyi, kamar forfirin F20TPP da ya kai kusan 975, sai hayaniyarsa ta koma can sama, ƙasa ta zauna fayau.

Kafin ka sayi sabon abu, ka gwada rage yawan matiris. Furotin yana son matiris ninki dubbai, amma ƙananan ƙwayoyi sukan fito da kyau da ƙasa da haka nesa, har alamomin matiris su dushe. Ka jera ɗigo da ninki 10, 100 da 1000, ka kwatanta. Ɗan amoniyam fosfat ko amoniyam sitirat yana rage dunƙulewar matiris da gishiri.

Bushewa ma da nata. DHB yakan tara dogayen kiristal a gefen ɗigo, wuri ɗaya ya ba da alama mai ƙarfi, na kusa da shi babu komai. Zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana sauya saurin bushewa, don haka ka busar a ɗaki mai sanyi iri ɗaya kullum. In abin ya ƙi, ka haɗa CHCA da anilin ko butilamin mol da mol, wato yawan ƙwayoyinsu daidai, shimfiɗar takan fi daidaituwa.

Ƙurar zinariya, girafin (siririn shimfiɗin kabon) da silikon mai ƙofofi, wanda ƙungiyar masanin sinadarai Gary Siuzdak ta nuna a 1999, suna aiki ba tare da matiris irin na da ba. Ba sabon tunani ba ne: Koichi Tanaka, da ya samu kyautar Nobel a 2002, garin kobal ya zuba a gilisarol. A ganina su ne na ƙarshe a layi, saboda tsada da wuyar samun haɗi biyu masu hali ɗaya. Zinariya ma tana da nata alamomi, a 197, 394 da 591.

In kana son sanin yawan maganin, ba kasancewarsa kaɗai ba, ka zuba ma'auni na ciki, wato ƙwayar kanta mai ɗauke da diteriyam (haidirojin mai nauyi), tun kafin ka haɗa samfur da matiris, ka auna kowane samfur a ɗigo uku aƙalla.