Yadda ake bin diddigin asalin kalmar "polite" ta Turanci

Duk mai son sanin inda kalmar "polite" ta samo asali, wato kalmar da Turawan Ingila suke siffanta mai ladabi da ita, ya kamata ya fara da ƙamus ɗin da yake kawo tarihin kalma tare da shekarun da aka gan ta a rubuce, irin babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928. Ƙaramin ƙamus na makaranta ba zai wadatar ba, domin ma'anar yau kaɗai yake bayarwa.

Da an buɗe, sai a nemi misali mafi tsufa, a karanta jimlar dukkanta. A ƙarni na 15 ana faɗin kalmar ne ga abin da aka goge ya yi sumul yana ƙyalli, kamar dutse ko ƙarfe, kuma wannan ne yake kai mai bincike ga kalmar Latin (tsohon harshen Rumawa) "politus", daga aikatau "polire", wato gogewa. Daga nan sai a bi misalan ƙarni bayan ƙarni ba tare da tsallake ba, domin a ga yadda ma'anar ta tashi daga kan kaya ta koma kan tsararren zance da rubutu, sannan kan mutum wayayye, kafin a ƙarni na 18 ta zauna a kan mai kyautata mu'amala da jama'a. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tafiya ba, tunda shi ma yakan ce wane gogagge ne.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kamannin haruffa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa "polite" 'yar'uwar "politics" (siyasa) da "police" ('yan sanda) ce, alhali waɗannan biyun daga kalmar Girkanci "polis" suka fito, ma'ana birni. Idan ba a sami shaidar rubutu da ta haɗa kalmomi biyu ba, kada a ƙulla masu zumunta.

Yana da kyau kuma a gwada hanyar a kan "courtesy", wata kalmar Turanci mai nufin ladabi, wadda ta shiga Turanci ta tsohon Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Tushenta "cort" ne, wato fada, don haka asalin ma'anarta shi ne ɗabi'ar da ta dace da gaban sarki. Daga gare ta ne, a ƙarni na 16, aka sami "curtsy", sunan ɗan rusunawar da mata suke yi wajen gaida manya.