Shawara ga mai zuwa Buliisa, ƙasar Bagungu a Yuganda

Aikin haƙo mai na Tilenga, wanda kamfanin TotalEnergies ke jagoranta, ya ja baƙi daga ƙasashe da dama zuwa gundumar Buliisa da ke gaɓar tafkin Albert a yammacin Yuganda. Duk Bahaushen da aiki ko fatauci ya kai shi can, ya kamata ya san cewa masu ƙasar su ne Bagungu, harshensu kuma Lugungu, daga dangin harsunan Bantu. Ba su da wata dangantaka da Gungawanmu na Yawuri. Masunta ne da manoman rogo da makiyaya, wasunsu kuma suna zaune a gundumomin Hoima da Masindi.

Turanci zai fisshe ka a ofis da asibiti, amma a bakin ruwa, kamar Butiaba ko Wanseko inda ake cinikin kifi da sassafe, za ka ji Lugungu haɗe da Alur da Runyoro da Swahili. Kada ka ɗauka cewa Luganda da ka tsinta a Kampala shi ne harshen kowa, kada kuma ka ce wa mutum harshensa karin Runyoro ne kawai, domin abu ne da suke alfahari da shi. Nemi maƙwabci ya koya maka gaisuwa da godiya da ƙirge tun makon farko, kuma ka tsaya ka gaisa da kyau kafin ka taya kaya.

Rubutunsu da haruffan boko ne, sai dai akwai alamomin da ba a wasa da su. Za ka ga an ja layi a ƙarƙashin wasu wasula, wato i̱ da u̱, don bambanta su da i da u na yau da kullum, haka nan akwai b̯ mai ɗan baka a ƙasa, dogon wasali kuwa ninka shi ake yi. Mu da muka san ɓarnar da ake yi idan aka rubuta ƙ ko ɗ babu lanƙwasa, bai dace mu zubar da alamomin wasu ba, musamman wajen rubuta sunan ma'aikaci ko sanarwa a allo. Idan wayarka ba ta fitar da su, sa wanda ya iya ya rubuta maka.

Maganar filaye da diyyar aikin mai tana da zafi a yankin, saboda haka baƙo ya saurara ya kame bakinsa. Zo da katin allurar rigakafin ciwon shawara, domin ana nemansa wajen shiga ƙasar, kuma ka guji wanka a tafkin saboda kada da dorina da cutar tsargiya.