Yadda ake ƙarfafa layin sitefila a tiyatar rage tumbi

Abokan aiki, musamman ku da kuka fara shiga tiyatar rage ƙiba, bari mu ɗan yi magana a kan layin sitefila, wato na'urar da ke yanka tumbi tana ɗinke shi da ƙananan fil na ƙarfe, don nan ne tsoron kowa yake. A aikin siliv ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage ya zama siririn bututu kamar ayaba, kuma duk tsawon gefensa fil ne ke riƙe da shi. Matsala biyu ake gudu: zubar jini da yoyon abin da ke cikin tumbi ta layin. Jini galibi za ka gan shi tun kana ciki ko a kwanan farko, shi kuwa yoyo munafuki ne, sai mara lafiya ya koma gida sannan ya fara zazzaɓi.

Kafin a kai ga zancen abin da ake ƙara wa layin don ƙarfafa shi, fara da harbin sitefilar kansa. Naman tumbi ba kaurinsa ɗaya ba, ƙasa wajen antrum ya fi kauri, sama wajen fundus ya fi siriri, to kar ka ɗauki katirij, wato kwanson fil ɗin da ake sa wa sitefila, kala ɗaya ka bi tun daga ƙasa har sama. A kayan kamfanin Ethicon misali, baƙi da kore na nama mai kauri ne, shuɗi na wanda ya fi siriri. In ka rufe bakin sitefila kar ka yi garaje, ka jira kamar daƙiƙa 15 ruwan cikin nama ya matse ya fita, sannan ka harba a hankali. Wallahi wannan ɗan jiran mutane da yawa suna raina shi, alhali shi ke sa fil ya lanƙwashe daidai ya zauna.

Sai buji, bututun awon da ake zurawa ta baki zuwa tumbi a yanka a gefensa, yawanci mai kaurin 36 zuwa 40 Fr (ma'aunin kaurin bututu). Kar ka manne masa sosai wajen lanƙwasar da ake kira incisura, don in wurin ya ƙuntata abinci da iska za su taru sama, matsin ya hau, kuma inda zai ɓalle shi ne can sama kusa da mahaɗar maƙoshi da tumbi, inda mafi yawan yoyo ke faruwa. Harbin ƙarshe ka ɗan kauce wa maƙoshi kamar santimita 1, kuma ka tabbata layin bai murɗe ba.

To yanzu abin da ake ƙara wa layin. Akwai ɗinki a kan layin da zaren da jiki ke narkarwa irin PDS ko mai ƙaya irin V-Loc, wasu na bi ta cikin layin, wasu na ninke shi ciki. Yana da arha amma yana cin lokaci, kuma in ka ja zaren da ƙarfi ko ka ɗebi nama da yawa, kai da kanka za ka ƙuntata bututun ko ka toshe masa jini. Akwai kuma shimfiɗar da ake ɗora wa bakin sitefila tun kafin harbi, fil ya huda ta tare da nama, irin Seamguard na kamfanin Gore da ke narkewa a jiki, ko Peri-Strips da ake yi da fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya. In za ka sa su, ka tuna sun ƙara kauri, don haka katirij ɗin ma sai ka hau mataki zuwa na nama mai kauri. Gam ɗin fibrin, wanda ake yi da sinadarin daskarar da jini, ma ana fesawa, ni dai ban dogara da shi kaɗai ba.

Gaskiya ƙarin nan ya fi nuna amfaninsa wajen rage zubar jini. Batun yoyo kuwa har yanzu likitoci ba su daina gardama ba, kuma layin da aka harba a karkace ba shimfiɗar da za ta cece shi.

Kafin ka fito, ka ce wa mai ba da maganin barci ya ɗan ɗaga hawan jinin mara lafiya zuwa kamar 140, ka rage iskar da aka hura wa cikin, ka zuba wa layin ido daga ƙasa har sama. Duk inda ya ɗigo, sa kilif, wato ɗan maƙalin da ke matse jijiya, ko ɗinki ɗaya. Wasu na gwada yoyo da shuɗin ruwan methylene ko da iska, amma ko gwajin ya fito tsaf kar ka saki jiki. A ɗakin jinya, bugun zuciya da ya haura 120 bai sauka ba, ko ciwon kafaɗar hagu, ko numfashi sama-sama, a kira ka ko da tsakar dare ne.