Darasi na Tara: Zaɓen Masauki Idan An Shiga Birnin Katsina da Iyali

Al'adarmu ce idan mutum ya yi tafiya ya sauka a gidan ɗan'uwa ko na aboki, shi ya sa magidanta da yawa a ƙasar Daura sun haura shekara hamsin ba su taɓa biyan kuɗin ɗakin kwana ba. Wannan al'ada tana da kyau, kuma babu wanda ya ce a bar ta. Sai dai akwai tafiyar da take fin ƙarfin gidan ɗan'uwa. Mutumin da ya taso daga Sandamu ko Mai'adua da mai ɗakinsa da yara uku domin ganin likita a Katsina, aka ce masa sai an yi kwana uku ana gwaje-gwaje, ya kuma tarar ƙanen nasa ɗaki biyu yake haya shi da nasa iyalin, to ko da an tarbe shi da fara'a ya san a ransa cewa ya takura mutane. Irin wannan mutum yana iya kama masauki, ya kai gaisuwa da tsaraba da rana, ya koma ya kwanta da dare, zumunci kuma yana nan yadda yake.

Wasu suna ƙyamar kalmar otal saboda abin da suka saba ji game da ita na shaye-shaye da kaɗe-kaɗe. Gaskiya ne akwai irin waɗannan wurare, kuma mai iyali ba ya kusantarsu. Amma akwai gidajen saukar baƙi masu yawa waɗanda ma'aikata da 'yan kasuwa da masu jinya suke sauka, da masallaci a harabarsu da maigadi a ƙofa. Rarrabe su ba shi da wuya: a tsaya a bakin ƙofa na ɗan lokaci a ga irin mutanen da suke shiga suna fita, sannan a tambayi mai shago ko mai shayin da ke kusa, domin su ne suke ganin wurin dare da rana.

Wurin da za a je shi ne ke zaɓen unguwa

Kafin a tambayi kuɗin ɗaki, sai a fara tambayar kai abin da ya kawo mutum gari. Katsina ta faɗaɗa sosai tun da ta zama babban birnin jiha a shekarar 1987, gine-gine sun fita bayan ganuwa ta kowace kusurwa, har ya zama tsakanin wani gefen gari da wani tafiya ce mai cin kuɗi da lokaci. Wanda ya shigo daga Daura, tafiyar kusan kilomita 80, ta gabashin gari yake shigowa, ɓangaren da Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua yake. Idan ɗansa ko 'yarsa ya zo gani a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, to hanyar Dutsin-Ma zai nufa, kuma nan ya kamata ya nemi masauki. Idan Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, sai ya nemi abin da ya fi kusa da ƙofar asibitin, domin layin ganin likita da sassafe ake kama shi. Wanda kuwa ya kawo yara kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro, ko ganin Hasumiyar Gobarau, to kusa da cikin gari ya fi masa, tunda a ranar hawa ana tare hanyoyi, ƙafa ta fi mota amfani.

Direban motar haya da mai Keke Napep sun san gari, tambayarsu tana da amfani. Sai dai a tuna cewa wani yana da wurin da ake ba shi ɗan kamasho idan ya kai baƙo, saboda haka a ji ta bakin mutum biyu ko uku kafin a yanke shawara.

Lissafin da ya kamata a yi da alƙalami

A nan ne mutane da yawa suke yin asara suna zaton sun yi riba. Sukan dubi kuɗin ɗaki kaɗai, alhali kuɗin masauki na gaskiya shi ne duk abin da zai fita daga aljihu tun daga shiga gari har zuwa fita. Ga misali domin koyon lissafi, kowa kuma ya sauya alƙaluman da farashin da ya tarar a ranar tafiyarsa.

A ɗauka akwai masauki biyu. Na farko yana can ƙarshen gari, ɗakinsa ₦15,000 a kowane dare. Na biyu yana kusa da asibiti, ana zuwa da ƙafa, ɗakinsa ₦20,000. A kwana uku na farko ya kama ₦45,000, na biyu ya kama ₦60,000, wato bambancin ₦15,000 ke nan, kuma a ido na farko ne mai arha. To amma mutum biyar ba su hawa babur ɗaya, dole sai an yi shatar Keke. Idan kowace tafiya ₦2,000 ce, ana zuwa da safe a dawo da azahar, a koma da yamma a sake dawowa, sawu huɗu ke nan, ₦8,000 a rana, ₦24,000 a kwana uku. A haɗa da ₦45,000, ya zama ₦69,000. Ashe masaukin da aka guje wa saboda tsada ya fi sauƙi da ₦9,000, ban da wahalar ɗaukar mara lafiya da goyo a cikin rana.

Abinci ma yana shiga lissafin. Masaukin da yake kusa da mai ƙosai da koko, da mai waina, da mai fura da nono, ya fi wanda babu abin saye a kewayensa sai ɗakin cin abincinsa, inda kuɗin kwano ɗaya zai iya ciyar da yara uku a waje. Uwargida mai dabara takan taho da kula da fulas ɗin ruwan zafi, da garin kunu da dambun nama ko ƙuli-ƙuli, sai ya zama karin kumallo bai ci ko kwabo ba. Amma a tambaya ko an yarda a shiga da abinci, kuma kada a kunna risho ko gawayi a cikin ɗaki, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Akwai kuma ƙarin da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe ba. Harajin kayayyaki da hidimomi na gwamnatin tarayya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun daga watan Fabrairu na 2020, manyan otal-otal kuma sukan ɗora nasu kuɗin hidima, sau da yawa kashi 10 cikin ɗari. Ɗakin ₦20,000 idan aka ɗora masa harajin ₦1,500 da kuɗin hidima ₦2,000 ya zama ₦23,500. Saboda haka tambayar da za a yi ita ce: nawa zan biya gaba ɗaya, har da haraji? Wanda zai yi kwana uku ko fiye yana da damar neman ragi, musamman a ƙananan masaukai inda mai wurin ko manajansa yake kusa, kuma neman ragi ba abin kunya ba ne ga wanda ya saba ciniki a kasuwa.

Gani ya kori ji

Ba a biyan kuɗin ɗakin da ba a gani ba. A bar iyali su zauna a inuwa, maigida ya shiga wurin ma'aikacin da ke karɓar baƙi, su yi magana kamar haka.

"Salamu alaikum. Samari, sannu da aiki. Ina neman ɗaki ni da iyalina, mu biyar ne, kwana uku za mu yi in Allah ya yarda."

"Wa alaikumus salam, sannu da zuwa Baba. Akwai mai fanka, akwai mai na'urar sanyaya ɗaki. Wanne za a ba ku?"

"Sai na gani tukuna. Kuma idan an ɗauke wuta, ƙarfe nawa kuke tayar da janareta, ƙarfe nawa kuke kashewa?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi kowace muhimmanci a lokacin bazara. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma ɗaki mai na'urar sanyi wanda babu wutar da za ta juya ta ya fi ɗakin fanka azaba, tunda irinsa ba a cika yi masa manyan tagogi ba. Wasu wuraren suna da sola wadda take ɗaukar fanka da ƙwai har asuba amma ba ta ɗaukar na'urar sanyi, to a irin wannan wuri biyan kuɗin ɗaki mai na'ura asara ce. A lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, fanka ma ba a buƙatarta sosai. Abin tambaya shi ne bargo da ruwan zafin wankan yara. Da damina sai a dubi ragar taga, a kuma taho da gidan sauro daga gida, domin bai da nauyi a jaka.

Idan an shiga ɗakin, a buɗe famfon banɗaki a ga ruwa ya zubo da ido, a duba ko akwai bokiti da buta. A ɗaga zanen gado a dubi ɗinkin gefen katifa: ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce, wanda kuwa ya kwana da shi yana iya kai shi gida a cikin kayansa. A gwada makulli, a tabbatar akwai sakata ta ciki. A dubi soket ɗin da yake ƙasa-ƙasa inda hannun mai rarrafe zai kai. Idan akwai tsoho ko mara lafiya ko ƙananan yara masu guje-guje, ɗakin ƙasa ya fi na bene. Sannan a leƙa ta taga a ga abin da yake bayanta. Ni kaina na taɓa karɓar wani ɗaki da rana tsaka ina murna da tsabtarsa, ban leƙa ba, ashe janaretan gidan a gindin tagar yake. Da aka tayar da shi bayan isha'i, ƙara da hayaƙi suka hana yara barci, muka rufe taga zafi ya taso, haka muka kwana muna fifita. Hayaƙin janareta kuwa guba ne irin na gawayi, bai kamata a kwana kusa da shi ba ko da ɗakin kyauta ne.

Batun yawan ɗakuna ya danganta da shekarun yara. Ƙanana suna iya kwana da iyayensu idan an ƙara katifa a ƙasa, wasu wuraren suna bayar da ita kyauta, wasu suna karɓar ɗan wani abu. Yaran da suka kai shekara goma kuwa, addini ya koyar da a raba musu wurin kwanciya, saboda haka sai a nemi ɗaki biyu masu maƙwabtaka, uwa da 'yan mata a ɗaya, uba da samari a ɗaya. Kafin ma'aikacin ya fita a tambaye shi alƙibla.

Biya da rasit

Za a nemi katin shaida, ko na ɗan ƙasa ko na zaɓe, a kuma ba da takarda a cika suna da lambar waya da garin da aka fito. Nan ne amfanin zuwa aji yake bayyana, domin wanda ya iya rubuta sunansa ba ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. A kula da sifiri ƙwarai: ₦15,000 sifiri uku gare ta, ₦150,000 kuwa sifiri huɗu, kuma sifiri ɗaya da aka ƙara a na'urar POS ya ninka kuɗin sau goma. A karanta adadin da ke kan allon na'urar kafin a danna lambobin sirri, a danna su da hannun kai, kada a faɗa wa kowa. Idan ta waya za a tura, a karanta sunan da ya fito a asusun, a tabbatar da shi a wurin ma'aikacin kafin a aika. Rasit kuma ya ƙunshi kwanan wata, da lambar ɗaki, da yawan kwanaki, da adadin da aka biya, da sa hannu ko hatimi. Ya fi kyau a fara biyan kwana ɗaya, in wurin ya yi daɗi a ƙara.

Yawancin masaukai suna lissafa ƙarshen kwana da ƙarfe 12 na rana, wanda ya wuce haka ana iya cajinsa rabin kwana ko kwana guda. Idan likita ya ba da lokacin yamma a ranar ƙarshe, sai a fitar da kaya kafin sha biyu a roƙi a ajiye su a wurin masu karɓar baƙi, a cire kuɗi da waya da takardun asibiti daga cikin kayan a riƙe a jiki.

Akwai lokutan da ɗakuna suke ƙarewa da wuri, farashi kuma ya tashi: kwanakin Sallah ƙarama da babba, ranar bikin yaye ɗalibai, lokacin tashin alhazai, da ranakun manyan bukukuwan aure. Daura ma haka take cika a lokacin Sallar Gani. A irin waɗannan ranaku sai a kama ɗaki tun kafin a taso, amma hanyar da ta fi aminci ita ce a aiki ɗan'uwa da yake cikin gari ya je ya gani, ya ba da kafin alƙalami, ya karɓi rasit. Hoton ɗaki a Facebook ko WhatsApp ba shaida ba ne, domin 'yan damfara suna ɗauko hoton wani wuri su sa lambarsu, da an tura kuɗi su kashe waya. A sauran ranaku kuwa, abin da ya fi shi ne a baro gida da hantsi a shiga Katsina kafin la'asar, yadda idan wuri na farko bai yi ba akwai sauran rana da za a duba na biyu da na uku. Wanda ya iso bayan magariba da yara suna kukan yunwa, duk ɗakin da aka nuna masa karɓa zai yi.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya rubuta sunansa da sunan garinsu da lambar wayarsa a littafinsa kamar yadda zai cika su a takardar masauki. Bayan haka ya warware wannan lissafi: wani magidanci ya kama ɗaki biyu, kowanne ₦18,000 a dare, zai yi kwana biyu, an kuma ce za a ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Ya ba da kafin alƙalami ₦30,000. Nawa ya rage ya biya? A kawo amsa ranar darasi mai zuwa, tare da tambayoyi uku da ɗalibi zai yi wa ma'aikacin masauki kafin ya karɓi makulli.