Yadda na shawo kan hydrangea da ta ƙi fure

Hydrangea, wata shukar ado mai fure, da ke bayan gidanmu a nan Ingila ganye kawai take yi, kore shar, fure kuwa ko ɗaya. Na fara zargin ƙasa, na zuba taki, sai ganyen ya ƙara faɗi kamar tafin hannu. Na zargi inuwar katanga, amma ranar safe na samunta, kuma haka take so.

Ashe daga almakashi ne. Mai gyara mana shinge yakan datse ta kusan ƙasa duk watan Oktoba. Irin tamu, macrophylla, mai fure dunƙule, a jikin reshen bara take fure, kuma tun Agusta zuwa Satumba take ɗaura tohon furen baɗi. Wanda ya sare reshen ya tafi da furen. Paniculata, wani irin hydrangea daban, ita ce ke jure irin wannan sara, domin ita a sabon reshe take fure.

Na roƙe shi ya bar ta. Rassan suka kwana a tsaye duk lokacin sanyi. A Afrilu na bi su ɗaya bayan ɗaya, na cire matattu da sirara daga tushe, ban taɓa manyan tohon da ke saman masu rai ba. Duk daren da aka ce sanyi zai sauka, sai in lulluɓe ta da tsohon zanen gado, in yaye da safe.

Alhamdulillahi, a Yuli ta cika da fure. Yanzu busassun kawunan furen nakan bar su har Afrilu, sannan in yanke kowanne daidai saman toho biyu masu ƙwari na farko da ke ƙarƙashinsa.